Karan da Baba Tsoho Ya Hana a Kwashe

Ƙas, ƙas, ƙas. Haka busasshen karan dawa yake karyewa a bakin shanu, kuma da wannan ƙarar nake gane magariba ta gabato a ƙauyen kakannina. Gonar tana bayan gida, danga ce kawai ta raba mu da ita, saboda haka duk motsin shanun a kunnenmu yake: tuƙarsu, hucinsu, da kukan ɗan maraƙin da aka ɗaure nesa da uwarsa. Iska kan kwaso warin kashinsu ta gauraya shi da hayaƙin wutar da Iya ta hura a tsakar gida. Ni a Birnin Kudu na tashi, a can mahaifina yake aiki, a can nake makaranta. Amma duk hutun ƙarshen shekara, idan an gama girbi sanyi ya fara sauka, sai a sa ni a mota a kai ni wajen iyayen mahaifina, a wani ɗan ƙauye kusa da Dingaya, cikin ƙasar Gwaram.

Iya, kakata, ita ce mai tatsuniya. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu kewaye wutar, ta miƙe ƙafafunta tana ɓarar gyaɗa, ta ɗauko mana Gizo da kwaɗayinsa har a kira isha'i. Mijinta kuwa, wanda muke kira Baba Tsoho, ba ya shiga cikinmu. Yakan zauna a kan buzunsa a ƙofar ɗakinsa yana tufkar igiyar rama, hasken wutar yana kaiwa gwiwarsa amma ba ya kaiwa fuskarsa. Dogo ne, siriri, ƙafarsa duk faso. Ni ce 'yar lelensa, don haka da tsokana yake tarbata.

"Amarya, taso ki bar tsohuwar nan da ƙaryarta. Tun ina yaro nake noma, ban taɓa gamuwa da Gizo a gona ba."

Iya ba ta ko ɗaga kai. "Ai ba zai yarda ku gamu ba. Tsoro yake ka tsare shi da tambaya."

Sai yara su kwashe da dariya. Kowa a ƙauyen ya san Baba Tsoho da tambaya. Ba makiyayin da zai sauka da shanu a gonarsa bai je ya zauna da shi ba, ya yi ta yi masa tambaya har rana ta take. Ni dai ban san abin da yake tambaya ba, kuma ban damu ba, sai a shekarar da na kusa gama firamare.

A wannan hutun, wata magariba muna zaune, Iya ba ta fara ba tukuna, sai Baffa Sani ya shigo. Shi ne ƙanin mahaifina, shi yake riƙe da noman gidan. Ya tsuguna gaban mahaifinsa ya gaishe shi, ya ɗauki tsinke yana tonon ƙasa.

"Baba, kowa ya kwashe karansa ya ɗaure. Harawa ma mutane sun ɗora a bishiya. Mu kaɗai muka bar namu a watse kamar gonar marayu."

"Shanu za su ci."

"Shanun wa? Namu awakin fa, me za su ci da bazara? In don taki ne, Baba, yanzu a buhu ake sayo shi."

Baba Tsoho ya ci gaba da tufkarsa. "Buhun yana magana?"

"Wane irin magana kuma?"

"In na zauna da buhun, zai gaya mini daga ina ya fito, da wanda ya gani a hanya?"

Baffa Sani ya jefar da tsinken. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya fita. Ni kuwa bakina ba ya riƙe abu a lokacin.

"Baba Tsoho, wa kake so su gani a hanya?"

Iya ta harare ni. Na sunkuyar da kai, na ɗauka na yi ɓarna. Amma sai na ji ya ajiye igiyar, ya jawo buzunsa ya matso kusa da wuta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ƙyale ta, ta isa ji," in ji shi. "Amma ku sani tawa ba irin ta tsohuwar nan ba ce. Tata takan zo ku ji ta, ta wuce. Tawa tana nan zaune, ba ta zuwa ko'ina."

Ya ce mana a wannan gonar ta bayan gida aka haife shi, a cikinta ya yi wayo. Mahaifinsa, Malam Audu, mutum ne mai ƙarancin magana, irin wanda idan ya duƙa a gona ba ya miƙewa sai inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Su biyu ne 'ya'yansa maza da suka rayu: shi Baba Tsoho, da ƙaninsa Ilu. Aikinsu da damina tsaron tsuntsaye. Mahaifinsu ya kafa musu ɗan gado a tsakiyar gero, su hau su yi ta ihu da kaɗa gwangwani daga safe har yamma. Ilu ƙarami ne, ihunsa ba ya korar ko ɗan tsako, amma shi ya fi kowa ƙwazo, har muryarsa ta dishe. In sun ji yunwa sai su karyo zangarniyar gero ɗanya su gasa tumu, su murje a tafin hannu su hure ƙaiƙayin. Ya ce Ilu ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron duhu, amma in ya ga kwaɗo sai ya haye bayan wansa yana kuka.

A nan Baba Tsoho ya yi dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗa ce kawai take motsi.

Mahaifinsu yana da amini Bafulatani, sunansa Buba. Kowace shekara bayan girbi Buba yakan sauka da shanunsa a gonar, ya kafa bukkokinsa, shi da matarsa Dije. Shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki. Dije ta shigo gida da ƙwaryar nono, ta fita da gero. Ba ciniki ba ne, ba wanda yake aunawa. Haka iyayensu suka yi, haka suka tarar. In shanun Buba suka zo, Ilu ba ya ganuwa a gida, yana can cikin maruƙa, yana ba su labari.

Sai wata shekara ta zo wadda ruwa ya yaudari mutane. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, ta tsiro kyakkyawa, sannan sama ta rufe. Aka sake shuka da irin da ya rage, ita ma ta ƙone. Abin da Malam Audu ya girbe a shekarar, in ji Baba Tsoho, mace ɗaya za ta iya kwashe shi a ka. Tun sanyi bai wuce ba suka koma cin tafasa da dusa. Ya ce akwai wani irin shiru da yunwa take kawowa gida, yara su daina wasa, su daina faɗa, su zauna jikin bango kawai suna kallon ƙofa.

Buba ya zo kamar kullum, amma bai daɗe ba, don babu abin da shanu za su ci. Ranar da zai tashi ya leƙa rumbun amininsa, ya sauko. Sai ya ce, "Audu, ba ni ɗaya daga cikin yaran nan. Inda za mu akwai ciyawa, inda ciyawa take akwai nono. Baɗi war haka in kawo maka shi da kumatu."

"Ba baƙon abu ba ne a lokacin," in ji Baba Tsoho. "Ɗan amininka ɗanka ne. Babanmu ya dube ni, ya dubi Ilu. Ni na isa riƙe fartanya, in ruwa ya sauka zan yi masa amfani. Ilu bai isa ba. Shi ke nan, Amarya. Fartanya ce ta raba mu. Ba wanda ya yi laifi. Da ni ne uban, haka zan yi."

Da safe aka ɗora Ilu a bayan takarkari, tsakanin ƙore da tabarmi. Murna yake yi, ya ɗauka yawo za a kai shi. Yana ɗaga wa wansa hannu yana cewa shi ya hau, wansa bai hau ba. Mahaifiyarsu ba ta fito ba. Ba a san uwa da yin kuka a gaban baƙi don an ɗauki ɗanta riƙo ba. Ta zuba ɗan ragowar dusa a turmi ta kama daka. Babu abin dakawa a cikin dusa, amma ta yi ta daka, ta yi ta daka, har shanun suka ɓace a bayan tsauni, har maƙwabciya ta shigo ta karɓe taɓaryar daga hannunta.

Shekarar da ta biyo baya Allah ya ba da damina mai kyau. Rumbu ya cika. Malam Audu ya bar kara a gona kamar yadda aka saba, mahaifiyarsu ta ɗinka wa Ilu 'yar taguwa da ƙiyasin tsawon da zai ƙara. Makiyaya suka zo, amma ba Buba. Wata shekarar ma haka. Wani ya ce annoba ta faɗa wa shanu a kudu. Wani ya ce ya ga masu kama da su gaba da Ningi. Wani ya ce sun ƙetare babban kogi. Kowa da abin da zai faɗa, ba wanda ya gani da idonsa.

Iya ta tura ice cikin wutar. Ta san labarin, amma ta daina ɓarar gyaɗa.

Da Baba Tsoho ya zama saurayi, sa'anninsa kan tafi cin rani birni bayan girbi, wasu dako, wasu ga-ruwa. Shi sai ya zaɓi aikin da kowa yake gudu, ya shiga korar shanun fatake. A lokacin da ƙafa ake kai shanu kudu, a bi daji da su wata da watanni. Ladan kaɗan, wahalar da yawa. Ya kwana a ƙasa, ya sha ruwan da shanu suka gurɓata, ya binne abokin tafiya a dajin da ba wanda ya san sunansa. Amma hanyar shanu ita ce hanyar rugage. Duk rugar da ya hango sai ya ratse ya roƙi ruwa, ko ba ya jin ƙishirwa, don ya samu bakin tambaya. A haka ya koyi Fulatanci.

"Ni da aka aura masa na ɗauka neman aure yake zuwa yi," in ji Iya. "Na ce wannan mutum ko dai wata mai dogon gashi ce ta riƙe shi."

"Da na samu ai da ban dawo ba."

"Da ka huta, ni ma na huta. Rani nawa na yi ni kaɗai da goyo, rufin ɗaki ya yaye ba mai gyarawa? Ubanki, Amarya, sai da ya fara tafiya kafin ya san fuskar ubansa."

Da wasa ta faɗa, amma ba wasa ba ne duka. Baba Tsoho bai musa ba. Ya ce gaskiya ta faɗa.

Mahaifiyarsu ta rasu yana can kudu, sai dawowa ya yi ya tarar. Mahaifinsu kuwa a hannunsa ya cika. Kafin ya cika ya ce masa, "Kada ka kwashe karan nan. Bafulatani ba ya mance gonar da ya taɓa kwana. In sun dawo, nan za su sauka." Daga baya manyan motoci suka karɓe jigilar shanu, aikin kora ya mutu, shi ma ƙarfi ya fara ja baya. Ya dawo ya zauna a gona. Tunda shi ya daina zuwa wajen masu shanu, sai ya bar musu abin da zai kawo su wajensa.

Wani ƙaramin jika ya tambaya, cikin barci, "To sai me ya faru?"

"Sai aka kira isha'i," in ji Baba Tsoho. Ya tashi ya ɗauki butarsa.

Washegari na bi shi gona. Makiyayan da suka sauka samari ne, ɗaya yana rataye da rediyo. Baba Tsoho ya gaishe su da Fulatanci, suka amsa masa da Hausa. Ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi hanya, ya tambayi inda suka yi damina. Sai da ya kewaya duk wannan sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"A cikin masu shanun da kuka sani, ba ku taɓa jin wani Ilu ba? Ɗan Hausawa ne, riƙon wani Buba. Yanzu ya tsufa, zai yi garke nasa na kansa."

Mai rediyon ya rage murya don ladabi. Ya yi tunani sosai, ko kuwa ya yi kamar yana tunani.

"Wallahi Baba, Buba suna da yawa."

"Haka ne."

"Amma in mun ji, za mu gaya masa."

"Ku ce masa gonar tana nan. Ku ce Garba ne, wansa."

Ran nan na fara jin sunan kakana na yanka daga bakinsa. Muka juyo gida. A hanya bai tsokane ni ba. Ina biye da shi ina taka sawunsa.

Tun daga wannan hutun, tatsuniyoyin Iya suka rage mini daɗi. Gizo ko ya faɗa rijiya zai fito, ko an cinye shi zai dawo gobe. Na fi son in raɓa kusa da buzun Baba Tsoho, ya ba ni wani guntun labarin: yadda ake gane ruwan da zai zo da wanda zai wuce, yadda wani sa ya taɓa bin sa a guje har ya haye tsamiya, yadda mahaifinsa yake zaɓen iri. Ko ta ina ya faro, labarin yakan gangaro ya tsaya a kan Ilu, kamar ruwan da ya san kwarinsa. Idan na koma Birnin Kudu kuwa, duk garken da ya gifta titi sai na tsaya ina duban fuskokin masu korarsa. Ban san wa nake nema ba. A zuciyata Ilu bai taɓa girma ba, yaro ne a bayan takarkari yana ɗaga hannu.

Shekaru suka ja. Na shiga sakandare, zuwana ƙauye ya ragu. Duniya ma ta sauya. Labaran rigimar manoma da makiyaya a wasu wurare suka yi ta zuwa ta rediyo, mutane suka fara kallon baƙon makiyayi da wani ido. Maƙwabta suka kai wa Baffa Sani ƙorafi cewa tsohon yana jawo musu mutanen da ba a san asalinsu ba. Makiyayan su ma suka rage sauka kusa da gari. Baba Tsoho ya ji duk wannan, amsarsa ɗaya ce: gonarsa ce, karansa ne.

Hutuna na ƙarshe da shi, ina kwalejin horon malamai. Na tarar ba ya iya fitowa, idonsa ya yi rauni, an mayar da shimfiɗarsa kusa da ƙofa don ya ji ɗumin wuta. Ya gane muryata.

"Amarya, kin zo ganin ango ya kwanta? To sai ki nemi wani."

Na ce masa ba na son kowa sai shi. Ya ce ashe karatun bai ƙara mini wayo ba.

Da magariba ta yi na ga ya karkata kai wajen danga, yana saurare. Ya daɗe a haka. Sannan ya kira ɗansa.

"Sani, ban ji shanu ba."

"Ba su zo ba tukuna, Baba."

"Ko dai ka kwashe?"

"Wallahi ban taɓa ko kara ɗaya ba. Ga amaryarka Hafsatu nan, bari ta je ta gani."

Na je na gani. Baffa Sani bai yi ƙarya ba. Shi da ya yi shekaru yana gardama, a wannan karon ko harawar bai ɗauka ba, ya bar komai yadda mahaifinsa yake so, ya sayo wa awakinsa abinci. Karan yana nan tsaye, ya bushe ya yi fari, gara ta fara cin gindinsa. Ba sawun kofato ko ɗaya a gonar. Na dawo na gaya masa. Ya ce, "To, wataƙila sun makara ne." Kowace magariba har hutuna ya ƙare haka yake karkata kai. A shekarar ba wanda ya sauka. Kafin ruwan farko ya faɗi, Allah ya yi masa rasuwa.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Ina yarinya na ɗauke shi labarin haƙuri, irin wanda malamai suke so a ce an koya. Da na girma kaɗan na ji haushi, na ce mutum ya ba da ƙuruciyarsa, ya bar matarsa da goyo, ya saɓa da ɗansa, duk don inuwa. Yanzu ba na cewa ko ɗaya. Abin da nake gani shi ne, wanda ya ɓace mana muna nemansa ne a siffar da ya bar mu. An tafi da Ilu a cikin shanu, don haka a cikin shanu wansa ya nemo shi, daga nan har bakin babban kogi. Haka ubansa ya ce masa, haka hankali ya nuna. Ni ma da ni ce, can zan nema.

Bayan na gama karatu aka tura ni koyarwa a wata makarantar firamare a yankin Sundimina, ba nisa da Birnin Kudu. Wata rana na je barkar haihuwa gidan iyayen wata ɗalibata. A cikin ɗakin akwai wata tsohuwa, kakar yarinyar, ana ce mata Goggo Hurera. Ta tambaye ni 'yar ina ce. Na ce Birnin Kudu, amma asalinmu wajen Dingaya.

"Allah sarki," in ji ta. "Mai gidana marigayi ma an ce asalinsa can ne. Riƙo ne shi. Malam Ilu, Ilun Dije."

Ban san lokacin da na ajiye kofin kunun da ke hannuna ba. Na tambaye ta, ta ba ni abin da ta sani, ba tare da ta fahimci abin da ya sa nake tambaya ba. Daga baya mahaifina da Baffa Sani suka je suka zauna da dattawan garin, sunaye suka yi daidai, har na Malam Audu.

Buba bai ga damina ta gaba ba. Annoba ta kashe yawancin shanunsa a hanya, shi ma ciwo ya ɗauke shi. Dije ta ɗauko yaron ta dawo wajen 'yan uwanta, waɗanda suka riga suka zauna wuri ɗaya suka kama noma. Ba ta da ɗa rayayye. Kowace shekara takan ce baɗi za ta mayar da shi, baɗin bai zo ba. Shi kuwa ya ji nauyin ya tambayi matar da ta raine shi ina ne gidansu. Sai da ta zo gargara ta gaya masa sunan ubansa da yankinsu, lokacin shi kansa ya fara furfura. Goggo Hurera ta ce ta yi ta matsa masa ya je, yana ce mata, "In je in ce ni wa? Ai da ana nemana, da an zo."

Ilu bai taɓa mallakar saniya ko ɗaya ba. Manomi ne, gero da dawa yake nomawa, kuma a kasuwar Birnin Kudu yake sayar da rararsa, kasuwar da mahaifiyata take aikena awo tun ina ƙarama. Ranar da aka binne Baba Tsoho, Ilu yana da rai.